Kafin a lissafa tsayuwar wata, a san abin da ke cikin fayil

Ranar 29 ga kowane watan Musulunci, balle na Sha'aban da na Azumi, ido yakan koma yamma da zarar rana ta faɗi. Ƙasar Baturiya, a gabas da Haɗejia, ta dace da wannan aiki. Shimfiɗaɗɗiya ce, fadama ta buɗe sararin yamma, babu dogon bene, babu hasken fitilun birni da zai shanye siririn jinjirin wata. Wanda ya gani yakan sanar da mai unguwa ko dagaci, magana ta hau wurin hakimi, ta isa fadar Sarkin Haɗejia, daga can ta wuce Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na Uku yake sanar da matsaya bayan an tantance rahotanni. Wannan tsari yana nan daram. Abin da ya ƙaru shi ne tun da la'asar za ka ji samari suna cewa waya ta nuna wata zai faɗi minti kaza bayan rana, tsayinsa kuma digiri kaza ne. Manhajojin da ke ba da waɗannan alƙaluma ko dai suna karanta wani fayil mai ɗauke da jadawalin tafiyar rana da wata da duniyoyi, ko suna amfani da gajeren lissafin da aka gwada da irin wannan jadawali. Yanzu da ɗalibai a Haɗejia da Kafin Hausa da Dutse suke koyon rubuta manhaja da kansu, akwai tambayar da ya kamata ta zo musu kafin kowace: fayil ɗin da na sauke, su wa da wa ke cikinsa?

Jadawalin falaki tsohon abu ne a hannun Musulmi. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya rubuta nasa daga abin da ya auna a Raƙƙa. Ulugh Beg ya kammala nasa a Samarkand wajen 1437, da taurari 1,018 a ciki. Irin waɗannan littattafai ake kira zij, kuma ilimin hisabi da falaki bai tsallake ƙasar Hausa ba: Muhammadu al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, da shi ya yi suna. Mai riƙe da zij ba ya wahala wajen sanin abin da ke cikinsa. Ya buɗe, ya ga babin Rana, babin Wata, sai na Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Bakwai ne, ba sa ƙaruwa.

Magajin zij a yau shi ne jerin jadawalin da ake wa laƙabi da DE, wanda cibiyar JPL ta hukumar NASA take fitarwa daga Pasadena a Amurka. Faransa tana da nata mai suna INPOP, Rasha tana da EPM, amma na JPL ya fi yawo a hannun masu rubuta manhaja. Ana gina shi daga awon gaske: saƙonnin kumbunan da ke zagaya wasu duniyoyi, da harbin hasken leza zuwa madubin da 'yan Apollo 11 suka ajiye a kan wata a 1969 da waɗanda aka ƙara daga baya. Ba a rubuta matsayin wata na kowace daƙiƙa, don da fayil ɗin ba zai ɗauku ba. Sai a yanka lokaci gunduwa-gunduwa, kwana huɗu-huɗu ga wata mai saurin tafiya, kwana 32 ga Mushtari da na bayansa, a ajiye 'yan lambobin da za su sake zana hanyar a cikin kowace gunduwa. Shi ya sa idan ka buɗe ɗaya daga cikin fayilolinsa, de421.bsp, kamar wasiƙa ba ka ganin komai sai tarkacen alamomi. Ba shi da babi, ba shi da kan magana da ido zai karanta, sai an sa kwamfuta ta tambaye shi.

Mafi yawan masu farawa ba sa tambaya. Sun ji an ce jadawalin duniyoyi ne, sai su ɗauka kowace duniya tana ciki. Ɗalibi zai rubuta 'yan layuka da Python, ya ɗauko kayan aikin Skyfield, ya nemi Rana ya samu, ya nemi Wata ya samu, ya nemi Zuhura ya samu, ya nemi Mushtari sai manhaja ta tsaya cak ta ce babu shi. Ba kuskuren ɗalibin ba ne wajen rubuta suna, kuma fayil ɗin bai lalace ba. De421.bsp, wanda aka fitar a 2008, yanki 15 kacal gare shi, kuma babu Mushtarin kansa a cikinsu.

Dalilin yana cikin tsarin lambobin da sashen NAIF na JPL ya tsara. Fayil ɗin bai san sunan kowa ba, lamba yake ajiyewa, manhajar da ke karanta shi ce take laƙaba suna daga wani jeri nata. Zara da muke gani da magariba da Gamzakin asuba duk lamba ɗaya ce a wurinsa, 299, wato Zuhura. Rana 10 ce, Duniyarmu 399, Wata 301, Mirrihu 499, Mushtari 599. Watannin kowace duniya suna bin lambarta: 401 da 402 na Mirrihu ne, 501 zuwa 504 manyan watanni huɗu ne na Mushtari. Kumbuna kuwa lambobinsu na ƙasa da sifili ne, kamar Voyager 1 mai -31. To sai kuma lambobi daga 0 zuwa 9, waɗanda su ne tushen ruɗanin, domin ba sa nufin wani abu da ido zai iya gani. Cibiyoyin nauyi ne.

Ka dubi ɗan garuwa da sandarsa a kafaɗa. Idan garwa ɗaya cike take, ɗayar kuma saura kaɗan a gindinta, ba zai sa kafaɗa a tsakiyar sanda ba, sai ya matsa dab da mai nauyin. Wurin da kafaɗarsa ta zauna shi ne cibiyar nauyi. Duniya ta ninka wata nauyi kusan sau 81, don haka cibiyar nauyinsu tana nesa da tsakiyar Duniya da kimanin kilomita 4,670, wato tana cikin jikin Duniyar amma ba a tsakiyarta ba. Wannan wuri shi ne lamba 3, kuma shi ne yake bin santalar hanya a kewayen rana, Duniya da wata suna juyawa a gefensa biyu. Lamba 5 ita ce cibiyar nauyin Mushtari da dukan watanninsa, lamba 0 kuma ta rana da duk abin da ke zagaya ta. De421.bsp yana da yanki goma daga 0 zuwa lambobi 1 har 10, sai biyu daga 3 zuwa 301 da 399, sai uku na 199 da 299 da 499. De440.bsp da ya zo bayansa ma ya sauke 499, ya rage 14. Manhajar da ta saba neman Mirrihu a tsohon fayil za ta iya tsayawa ranar da aka sauya mata sabo, alhali mai ita yana ganin gyara ya yi.

Shin a karɓi 5 a madadin 599? Ga mai son nuna wa yara Mushtari a sararin Baturiya, a karɓa da hannu biyu. Tazarar ba ta wuce kilomita ɗari biyu da 'yan kai ba, a nisan da ya kai kusan kilomita miliyan ɗari shida ko fiye. Ga Fuluto kuwa cibiyar nauyin tana waje da jikinsa gaba ɗaya, saboda girman watansa Sharon. Ga wata kuma abin yana da ɗan siriri. Tsakiyar Duniya da lamba 3 da wata suna kan layi ɗaya, saboda haka wanda ya ɗauki yankin 3 zuwa 301 a matsayin wata daga Duniya zai sami alƙibla daidai, amma nisan zai gaza da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari. Kuskuren ba zai fito a lissafin azumi ba, sai ranar husufin rana, inda ɗan wannan bambanci na girman wata zai iya raba husufin da ya rufe rana ruf, irin wanda ya bi ta Gusau da Katsina ranar 29 ga Maris 2006, da wanda ya bar zoben haske. Kuskuren da ke ba da amsa mai kama da gaskiya ya fi wanda ke tsayar da manhaja haɗari, kuma wannan irinsa ne.

Hanyar tambayar fayil ba ta da wuya. NAIF tana ba da kayan aiki mai suna SPICE kyauta. A cikinsa akwai ɗan shiri da ake kira brief, wanda ke zayyano abin da fayil ya ƙunsa, akwai kuma spkobj da ke mayar wa manhaja jerin lambobin da ke ciki, da spkcov da ke faɗin daga yaushe zuwa yaushe aka san kowace lamba. Masu Python suna samun waɗannan ta spiceypy. Wanda bai son ɗaukar wannan kaya duka, jplephem na Brandon Rhodes ya ishe shi: umarni ɗaya, python -m jplephem spk de421.bsp, sai layuka 15 su fito, kowanne da ranar farawa, ranar ƙarewa, sai cibiya, kibiya, da abin da aka auna, kamar 3 -> 301. A cikin manhaja kuma, bayan SPK.open, kowane yanki yana ɗauke da center da target da ranakunsa biyu, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ina ganin duk ɗalibin da zai yi wannan aiki ya kamata ya taɓa karanta kan fayil ɗin da hannunsa ko sau ɗaya, domin bayan nan tsoronsa zai fita. An shirya shi a faifai-faifai, kowanne bayit 1,024. Haruffan farko na faifan farko suna cewa DAF/SPK, shaidar irin fayil ɗin ke nan. Biye da su akwai lambobi biyu, 2 da 6, masu nuna cewa bayanin kowane yanki ya ƙunshi manyan lambobi biyu da ƙanana shida. Idan ka karanta ka ga 33,554,432 a gurbin 2, to ka jero bayit ɗin a juye ne, kuma faifan da kansa yana faɗin jerin da ya bi, LTL-IEEE ko BIG-IEEE. A faifan farkon nan akwai lambar faifan da fihirisa ta fara. Ka tsallaka can, za ka tarar da lambobi uku a gaba: faifan fihirisa na gaba, na baya, da adadin yankunan da ke wannan. Kowane bayani bayit 40 ne, faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da 25. Manyan lambobin biyu su ne farko da ƙarshen lokaci, a ƙidayar daƙiƙoƙi daga tsakar ranar 1 ga Janairu 2000. Ƙananan shida kuwa: abin da aka auna, cibiyar da aka auna daga gare ta, tsarin alƙiblar da aka bi, salon ajiyar lambobin, da inda bayanan suka fara da inda suka ƙare a cikin fayil. Sai ka ci gaba da bin faifan gaba har ya zama sifili. Wanda ya tsaya a faifan farko a babban fayil zai ga yanki 25 ya zaci ya gama.

Wannan tsari yana da amfani na musamman ga wanda data take masa tsada. De421.bsp megabayit 17 ne ko kusa, de440s.bsp wajen 32, de440.bsp ya haura 110, de441 kuma da aka raba gida biyu ya kai gigabayit uku. Tunda fihirisar 'yan kilobayit ce, ana iya leƙa ta a intanet ba tare da an sauke sauran ba, kuma jplephem yana da umarnin excerpt da ke yanko shekarun da kake so da lambobin da kake so kawai. Alheri ne, amma shi ne kuma ya sa suna ya daina zama shaida. Fayil zai bi ta Xender daga waya zuwa waya a ɗakin kwanan ɗalibai, sunansa de421.bsp, alhali wani ya riga ya rage shi zuwa rana da wata da Duniya na shekara biyar. Mai lissafin tsayuwar wata zai iya cewa ai waɗannan sun ishe ni. Ban yarda ba. Ɗaya daga cikin manyan amfanin lissafi ga masu tantance shaida shi ne a duba ko akwai wani abu mai haske a daidai inda mutum ya ce ya ga wata, kuma Zara ce ta fi shiga wannan zargi, Uɗaridu na biye. Fayil marar 299 na Zara da 199 na Uɗaridu, ko aƙalla cibiyoyin nauyinsu 2 da 1, ba zai iya amsa wannan ba.

Jerin lambobi kaɗai ma bai wadatar ba, kuma nan ne spkobj yake da iyaka, don abubuwan da aka auna yake lissafowa, ba ya faɗin daga ina aka auna su. Kowane yanki tazara ce tsakanin wurare biyu. Don a san inda rana take daga Duniya, sai an haɗa 0 zuwa 10, da 0 zuwa 3, da 3 zuwa 399. Idan mai yanka fayil ya zaɓi 10 da 301 da 399 ya manta da 3, spkobj zai nuna Rana da Wata da Duniya duk suna nan, wata daga Duniya zai lissafu, amma rana ba za ta lissafu ba, domin igiyar da ta haɗa gidan Duniya da sauran ta tsinke. Manhaja mai hankali takan ɗauki kowace lamba da take buƙata ta bi cibiyarta, da cibiyar cibiyarta, har ta ga sun haɗu da ta ɗaya ɓangaren a wuri guda. Layuka goma na rubutu sun isa yin haka.

Sai lokaci. De421.bsp ya fara daga ƙarshen Yulin 1899 ya tsaya a Oktoban 2053. Ɗalibin tarihi da ke son sanin yanayin wata a daren 25 ga Afrilu 1906, ranar da sojojin Ingila suka auka wa Haɗejia Sarki Muhammadu ya yi shahada, zai samu a cikinsa. Idan ya koma baya zuwa hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, fayil ɗin ba shi da abin cewa, kuma de440s.bsp ma ba zai taimaka ba, don a ƙarshen 1849 ya soma. Sai de440.bsp, mai ɗauke da shekarun 1550 zuwa 2650. Ba kuma dole ne dukan lambobin fayil ɗaya su yi tarayya a shekaru ba. Lamba ɗaya tana iya samun yanki da yawa, har da giɓi a tsakani, musamman a fayilolin kumbuna, shi ya sa spkcov yake mayar da jerin tazarori maimakon ranaku biyu. Idan kuma aka loda fayil biyu masu lamba ɗaya, SPICE yana fifita wanda aka loda daga baya. Fayilolin watannin Mushtari sukan zo da nasu kwafin Rana da Duniya, idan aka loda su daga baya sai su shiga gaban waɗanda ka zaɓa ba tare da sanarwa ba.

Wani tarko kuma, lambobin NAIF ba su ne kaɗai a fage ba. A tsohon salon da JPL take rarraba jadawalinta, 10 wata ne, 11 ce rana. A manhajar Swiss Ephemeris rana 0 ce, wata 1. Wanda ya kwafo layi daga wani wuri ya liƙa ba tare da ya duba wane tsari aka bi ba zai iya lissafa faɗuwar wata ya kira ta magariba.

Akwai abubuwan da ba za a taɓa samu a irin wannan fayil ba, kome girmansa. Manomin fadama da ke lura da fitowar Kaza da 'ya'yanta, da malamin da ke ƙirga manzilolin nan 28 masu kwana sha uku-uku don sanin inda damina ta kai, taurarin da ke nesa da gidan rana suke kallo. Waɗannan suna cikin kundi daban, irin na Hipparcos da hukumar sararin samaniya ta Turai ta fitar a 1997, mai taurari sama da 118,000. Mai son lissafa asubar da Kaza za ta fara bayyana sai ya haɗa biyu: matsayinta daga kundin, rana da Duniya daga jadawalin. Haka nan manyan duwatsun sarari 343 da aka sa nauyinsu a lissafin DE440 ba a ajiye hanyoyinsu a fayil ɗin ba, an yi aiki da su ne kawai.

Baturiya ita kanta ba ta ciki. Lamba 399 tsakiyar Duniya ce, ba wanda yake tsaye a can yana duban wata. Sai mai manhaja ya ƙara wurin da kansa, kimanin digiri 12 da rabi arewa da digiri 10 da rabi gabas, ya kuma bar manhajar ta lissafa juyawar Duniya. Barin wannan mataki ya fi duk kurakuran baya tsada ga mai duban wata, domin wata yana kusa da mu ƙwarai, kuma idan yana dab da faɗuwa bambancin inda yake daga tsakiyar Duniya da inda mai kallo zai gan shi yakan kai kusan digiri ɗaya, wato faɗin watan kansa kusan sau biyu. Jinjirin da lissafi ya ɗora a digiri biyar zai kasance a huɗu ga mutumin da ke bakin fadama. Ƙurar hunturu da ke toshe ƙasan sama, da hadarin Agusta, da ƙarfin idon mai kallo, babu ɗayansu a fayil. Lissafi yana iya tabbatar da cewa wata ya riga rana faɗuwa, don haka ganinsa bai yiwu ba a daren. Yana iya cewa yana sama kuma ga inda za a nema. Ganin kansa aikin mutane ne, hukuncin kuma na waɗanda aka ɗora wa ne. 

Abin da nake so in gani a manhajojin da matasanmu za su rubuta shi ne binciken fayil ya zama aikin farko duk lokacin da aka kunna su. Manhaja ta rubuta bukatunta a fili, 10 da 301 da 399 da 299 da 199 ga mai duban wata, ta karanta fihirisar, ta tabbatar kowace lamba tana nan, igiyarta ta kai, kuma ranar da ake tambaya tana cikin tazarar kowane yankin da za a taɓa. Idan abu ya ɓace, ta faɗa da Hausa wane ne ya ɓace, ta ƙi ba da amsa. Idan ta karɓi cibiyar nauyi a madadin duniya, ta rubuta hakan kusa da sakamakon. A ƙasan allo kuma a ga sunan jadawalin da shekarun da ya ƙunsa, yadda limami ko ɗan kwamiti da aka kai wa waya zai san a kan me aka dogara kafin ya saurari alƙaluman. Manhajar lokutan salla kaɗai ba ta ma bukatar wannan nauyi, gajeren lissafin rana irin na littafin Jean Meeus na 1991 ya ishe ta zuwa minti. Amma wadda za ta shiga maganar tsayuwar wata ko husufi, kamar wanda zai rufe rana a Makka da Jidda ranar 2 ga Agusta 2027 mu kuma mu ga ɓangarensa a nan arewa, sai da jadawali cikakke, kuma mai ita ya iya faɗin lambobin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya idan aka tambaye shi.